Lambar da Ke Ƙarƙashin Aljihu

Zuwa ga ƙanena, Autan Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, Ya kuma tsare ku daga wahalar baƙunta da sanyin nan da kake yawan ba mu labarinsa. Yaya aiki, yaya ɗawainiya? Yaya takwarata, ta fara tafiya kuwa, ko har yanzu rarrafe take tana jan zanen uwarta? Hoton da matarka ta turo wancan watan Inna ta sa an wanke mata shi, yana nan jingine a kan talabijin, duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa kumatun nan kafin a ba shi ruwa. Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Gwiwar Inna ta yi sauƙi tun da likita ya canza mata magani, har ta koma sallah a tsaye, sai in ta gaji ne take jawo kujera. Motar Abban yara ta sake kwanciya a gareji. Bakanike ya ce wannan karon sai an sauke inji, shi kuma ya ce bakaniken ya kamata a sauke. Ummi ta gama jarrabawa, tana gida tana cinye mana abinci da sunan hutawa.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutun hannuna a wannan zamani na waya. To, wayar ce ta gaza. Yau kwana goma sha tara ina kiranka, tana shiga ba ka ɗauka, saƙonnina kuma ina ganin alamar ka buɗe su. Shi ya sa na nemi biro da takarda, don ita takarda ba a kashe ta, ba a kuma ce mata babu sabis. Wataƙila ma hakan ya fi mana alheri, domin da ka ɗauka a ranar farko, da na faɗa maka maganganun da zan yi nadamarsu har in mutu. Yanzu zuciyata ta ɗan kwanta, zan iya jero maka abin daki-daki, ka karanta a zaune. Ka yi haƙuri da tsawonta, ka san yayarka ba ta iya gajarta zance ba.

Bari in fara daga inda muka fara. Ka tuna shekara uku da suka wuce, lokacin da na soma sa hotunan jakunkunanmu a intanet, mutanen ƙasashen waje suka fara tambaya? Ka tuna mutumin nan da ya sayi jaka goma sha biyu, ya turo mini hoton rasit mai tambarin banki, ya ce kuɗin suna hanya, in yi sauri don bikin 'yarsa ya matso? Na ɗaure kaya na kai kamfanin aikawa da hannuna, na dawo na zauna jiran kuɗin da har yau ba su iso ba. A ranar da na gane an yi mini sakiyar da ba ruwa, kai na fara kira ina kuka. Kai ne ka lallashe ni, ka ce daga yau in bar maka wannan ɓangaren. Ka ce kana kusa da su, ka san harshensu da halinsu, duk mai saye ya biya a asusunka na can, in ka ga kuɗi da idonka sai ka ce mini in aika, sannan ka turo mini su gida ta hanyar da banki ba zai yanke mana komai ba. Wallahi a ranar ji na yi kamar Baba ne ya dawo shagon.

Abban yara ne kaɗai ya yi gyaran murya. Ya ce ba ya zargin kowa, amma ciniki ciniki ne, a riƙa rubutawa, kuma duk maganar da za ka yi da mai saye a riƙa sa ni a ciki ina gani. Ka san abin da na yi masa? Kwana biyu ban yi masa magana mai daɗi ba. Na ce masa yaron da na goya a bayana, na wanke wa kashi, na raka makaranta ina riƙe da hannunsa, shi zan tambaya rasit? Na ce ɗan'uwa rabin jiki ne, kuma ban taɓa jin hannun dama ya nemi shaida a wurin na hagu ba. Bawan Allah bai sake tayar da zancen ba. Ko a kwanakin nan da gaskiyarsa ta fito bai ce ai na faɗa miki ba, kuma shirun nan nasa ya fi mini ciwo a kan ya faɗa.

Daga nan ka zo da maganar 'yar fatar nan. Ka san al'adar Baba tun muna yara: duk jakar da za ta fita daga shagonmu, sai an ɗinka wata 'yar fata kamar faɗin yatsa biyu a ƙarƙashin aljihun ciki, tsakaninsa da shafi, an buga mata tambarin shago da lambar waya. Yana cewa ba don talla yake yi ba, don wanda aka yi wa ba daidai ba ya san inda zai kawo ƙara. Kai kuma ka ce mutanen can ba sa son irin wannan, ƙauyanci ne a wurinsu, kuma in suka ga lamba za su riƙa damuna da kira cikin harshen da ban ƙware ba. Ka ce a bar tambarin waje kawai, a cire lambar daga duk kayan da za su ƙetare. Na ga kamar hikima ce ta wanda ya ga duniya. Na tara ma'aikata na faɗa musu, har na ɗaga murya saboda Baba Tsoho, abokin aikin mahaifinmu, tunda ka san kunnensa ya yi nauyi. Ya gyaɗa kai ya ci gaba da shafa wa zarensa kakin zuma.

Shekara biyu abubuwa suna tafiya, ko in ce na ɗauka suna tafiya. Cikin masu sayen da ka samo mana babu kamar matar nan mai shagon jakunkuna, wadda ma'aikata suka raɗa wa Madam Kore saboda kullum koriyar fata take so. Ban taɓa jin muryarta ba, ban san lambarta ba, kai ne bakinta kai ne kunnenta. Da ka ce tana son jaka sittin don za ta buɗe shago na biyu, rawa ce kawai ban taka ba a tsakar shago. Ka ce mu fara aiki, kuɗi suna tafe. Na je wurin majemi na kwaso fata mafi kyau da yake da ita, na sayo zif da ƙarafunan maɗauri, muka duƙufa mako bakwai. Dogo yana yanka, Baba Tsoho yana ɗinkin hannu, ni ina kan keke har ƙafata ta kumbura. Da muka gama muka naɗe kowace jaka a takarda, muka jera su a kwali goma, muka jingina da bangon da Baba yake rataye almakasansa.

Sai ka kira ka ce matar ta fara wasa da hankalinka. Yau ta ce gobe, gobe ta ce jibi. Daga baya ka ce ta ƙeƙasa ƙasa ta ce ba za ta biya ko sisi ba sai kaya sun isa hannunta, ka kuma gargaɗe ni kada in kuskura in aika, in tuna da mai jaka goma sha biyu. Har yanzu ina jin muryarka a kunnena lokacin da kake cewa mutanen nan ba su san amana ba. Wata uku kwalayen nan suna kallona ina kallonsu. Kuɗin shago duk sun narke a cikinsu, aikin gida kuma bai isa ya riƙe mu duka ba. Ranar da na kira Dogo na ce ya ɗan nemi wani abin yi kafin Allah Ya kawo sauƙi, matarsa tana da ciki wata takwas. Bai yi mini musu ba, ya goge wuƙarsa ya sa a aljihun tebur, ya ce Allah Ya saka mana a kan matar nan. Na ce amin. Auta, na yi wa baiwar Allah nan Allah Ya isa a kan sallayata, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

A cikin wannan ƙuncin ne ka turo mini kuɗi, ka ce ga ɗan taimako in rage zafi, ba bashi ba ne, kyauta ce daga ƙane zuwa yayarsa. Na zauna a kan kwali na yi kukan daɗi. Na je gida na faɗa wa Inna, ta ɗaga hannu ta yi ta sa maka albarka har muryarta ta dishe. Na faɗa wa Kawu, na faɗa wa maƙwabta, na faɗa wa duk wanda ya tsaya ya saurare ni cewa Allah Ya ba ni ƙane ɗaya tamkar da dubu. Har gori na yi wa Abban yara, na ce ga wanda yake so a tambaya rasit.

Ranar Talata, kwana goma sha tara da suka wuce, da hantsi, ina share gaban shago sai tsohuwar wayar Baba ta yi ƙara, wadda muke ajiyewa a kan kanta saboda tsofaffin masu saye. Lamba ce ta waje. Na ɗauka sai na ji muryar mace tana magana a hankali, irin ta wanda yake danne fushi. Da ɗan turancina na kasuwa da nata haƙurin maimaitawa muka fahimci juna. Ta tambaya ko nan ne shagon da ake ɗinka korayen jakunkuna, na ce nan ne. Ta tambaya ko ni ce yayarka, na ce ni ce. Sai ta ce kafin komai tana yi mini ta'aziyyar rasuwar mahaifiyarmu.

Ban san lokacin da tsintsiya ta faɗi daga hannuna ba. Na ɗauka wani abu ya faru a gida bayan fitowata, har na fara salati, sai hankalina ya dawo na tuna ban fi awa ɗaya da barin Inna tana shan shayi tana faɗa da Ummi a kan rediyo ba. Na ce mata mahaifiyata tana raye. Daga nan ta warware mini komai. Ta ce wata biyar ke nan da ta biya kuɗin jaka sittin cif, a asusunka, tun kafin mu sa almakashi a fata. Ta ce da lokaci ya wuce ka ce mata ruwa ya ɓata fatar sai majemi ya sake jeme wata, daga baya ka ce mahaifiyarmu ta rasu, an rufe shago ana zaman makoki, yayarka kuma ba ta cikin hayyacinta. Ta ce ita ma ta rasa uwa, shi ya sa ta yi shiru wata biyu, ta buɗe sabon shagonta da kantoci rabi babu kaya. Da ka daina ɗaukar wayarta ta yanke cewa mu duka 'yan damfara ne, har ta rubuta abin da za ta wallafa a kan shagonmu, da sunan Baba da tambarinsa, don kada wani ya sake faɗawa.

Ka san abin da ya tsayar da ita? Wata mai saye ce ta dawo mata da tsohuwar jakarmu zif ɗin aljihu ya maƙale. Tana juya aljihun don ta gyara sai ga 'yar fata da lamba. Ta ce ta kira ne don ta zage ni kafin ta wallafa, amma ta ga ba daidai ba ne ta zagi mai makoki ba ta yi mata gaisuwa ba. Na juya wayar na ɗauki hoton kwalaye goma na tura mata, ita kuma ta turo mini takardun bankinta. Ba hoton rasit irin na wancan mutumin ba, takardu ne shafi uku, ga sunanka cikakke kamar yadda Baba ya raɗa maka, ga ranaku, ga adadi. A nan na ga cewa farashin da take biya tun farkon cinikinmu ya kusa ninka wanda kake faɗa mini. A nan kuma na ga cewa kyautar da na yi wa kuka, na yi shelarta a dangi, ɗan yanki ce daga kuɗin guminmu.

Ina so ka fahimce ni da kyau. Da a ce ƙarin farashin ne kawai, wallahi da na haɗiye. Da ka ce mini kana son ladan wahalarka, da na yanka maka kaso da hannuna, don ba a aikin banza, kuma kai ma kana da haƙƙi a shagon ubanka. Da ka ce mini aiki ya tsaya, ko haya ta taso ka a gaba, ko ka faɗa wani rami, da na sayar da abin da zan sayar na rufa maka asiri, kamar yadda na yi lokacin kuɗin jirginka. Abin da ya kasa wuce mini a maƙogwaro shi ne ka sa na sallami Dogo da cikin matarsa, ka sa na kai ƙarar mai gaskiya wurin Allah, ka sa na gode maka a kan kuɗina. Sannan ka ɗauki Inna, wadda ba ta sauka daga sallaya sai ta ambaci sunanka, ka kashe ta da bakinka don ka sami ƙarin wata biyu. Na yi gudun gara na faɗa gidan zago, kuma ni na kai kaina da ƙafata. Baƙon da ya cuce ni jaka goma sha biyu ya ɗauka ya tafi, bai taɓa kirana Yaya ba.

Da na ajiye wayar na nufi Baba Tsoho a kusurwarsa, na buɗe kwali na zaro jaka ɗaya na juya aljihunta. Ga 'yar fatar. Na zaro ta biyu, ga ta. Na tambaye shi ko bai ji abin da na ce ba shekara biyu da suka wuce. Ya cire tabarau ya ce ya ji sarai, kunnensa bai mutu haka ba. Ya ce ya gwada rufe jaka ɗaya babu ita, hannunsa ya ƙi, domin shekara talatin da huɗu yana sa ta, kuma shi a wurinsa jakar da ba ta da lamba ba a gama ta ba. Shi ya sa yake tura ta can ciki inda ba zan gani ba. Ya ce in laifi ya yi in cire a albashinsa. Na durƙusa a gaban tsohon nan, cikin tarkacen fata, na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka fita da Baba.

Washegari na aika kayan. Babu ko sisi a hannuna daga cinikin, amma matar ta biya, kuma tambarin mahaifinmu ne a jikin jakunkunan, ba naka ba, ba nawa ba. Na ɗauki sarƙa da 'yan kunnen zinaren da Baba ya saya mini lokacin aurena na kai wa maƙeri na sayar, na biya kuɗin jirgi da inshorar kaya, na sallami majemi, abin da ya rage na aika a kira Dogo. Matarsa ta haihu, namiji, ya zo yana ta ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifi. Na tura wa Madam Kore lambar bin sawun kaya, kullum da safe sai mu duba tare, ita a can ni a nan, har ranar da suka isa. Ta turo mini hoton kantocinta sun cika da kore, ta ce ta goge abin da ta rubuta. Na roƙe ta gafarar addu'o'in da na yi mata, ta yi dariya ta ce ita ma ba albarka ta riƙa sa mini ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, don haka ban ɗora maka laifin duka ba, na koma na liƙe bangona. Abban yara ya raka ni banki, muka zauna da wata ma'aikaciya mai haƙuri ta yi mana bayani har na gane. Yanzu shago yana da asusu da sunansa na rajista, wanda yake karɓar kuɗin waje kai tsaye, kuma ni kaɗai nake ganin abin da ya shiga. Duk mai saye zan tura masa takardar ciniki mai ɗauke da sunan shago, da irin kaya, da farashi, da ranar aikawa. Zai biya rabi kafin almakashi ya taɓa fata, in mun gama in nuna masa kayan ta bidiyo ya cika sauran, sannan su tashi. Wanda bai san mu ba yana jin tsoro, ko mai babban ciniki, akwai kamfanonin da suke tsayawa a tsakani: ya ba su kuɗin su riƙe, su shaida mini sun karɓa, in aika, in kaya sun isa su sakar mini. Shi bai yi asara ba, ni ban yi ba. Masu sayen jaka ɗaya ko biyu kuma ta kati za su biya, a shafin da kamfanin biyan kuɗi ya buɗe mana, ni kuma in adana rasit ɗin aikawa saboda ranar musu.

Ma'aikaciyar ta ƙara mini da wasu abubuwa da na rubuta da babban baƙi na manna a jikin kanta. Hoton rasit ba kuɗi ba ne, sai na buɗe asusu na gani da idona. Wanda ya turo fiye da farashi ya ce in mayar masa da ragowar ta wata hanya, tarko ne. Mai gaggawar da ba ya son a bi tsari, a bar shi ya yi gaggawarsa a wani shagon. A ƙasan kowace takardar ciniki kuma na sa an rubuta cewa asusunmu ba ya canzawa ta saƙo, duk wanda aka ce masa ya biya a wani wuri, ko da da sunan ɗan gidanmu ne, ya kira lambar shago tukuna. Gaskiya ne bankin da kamfanonin suna yankar nasu, kuma yankan yana da zafi, shi ne abin da ka ce za ka tsame mu daga ciki. Amma banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma yanzu na san kuɗin hanyar kyauta, don na biya shi da zinaren aurena.

Na rubuta wa sauran masu sayenmu na waje, waɗanda Madam Kore ta taimaka mini na gano da waɗanda suka biyo lambar Baba Tsoho, na ce daga yau kada su biya kowa sai shago. Ban faɗa musu dalili ba, ban kuma tambaye su abin da suka biya a baya ba, domin ina tsoron amsar. Ita Madam ta tambaye ni ko ta kai ƙararka wurin hukumar can, tunda takardu suna hannunta. Na roƙe ta ta bari. Na tuna takwarata da matarka da ba su ci ba su sha ba, na tuna zamanka a can da takardar izini yake. Ta ce tunda kayanta sun iso ta bar mini, amma ta ce in faɗa maka saboda ni ta bari. To, na faɗa maka.

Inna ba ta sani ba. Kawu bai sani ba. Daga ni sai Abban yara sai Baba Tsoho, shi kuwa ka san ko da wuƙa ba a buɗe bakinsa. Ranar da na koma gida na ce wa Inna kwalaye sun tafi, ta tafa hannu ta ce ai ta san Autanta ba zai bar matar nan ta ci haƙƙinmu ba, Allah Ya yi masa albarka, Ya ba shi masu yi masa kamar yadda yake yi mana. Ta juyo tana jiran in amsa. Auta, tun da nake ban taɓa furta amin mai nauyin wannan ba, kuma ban san ko addu'a na amsa maka ko akasinta ba. Ta lura babu 'yan kunne a kunnena, na ce na kai wanki. Kullum sai ta tambaya me ya sa ba ka kira ba kwana biyu, ina ce mata aiki ne ya yi maka yawa. Ka ga yanzu ni ma ka koya mini yi mata ƙarya, kuma ba zan iya daɗewa ina yi ba.

Ba kuɗin nake bi ba a wannan takarda. In Allah Ya hore maka ka mayar wa shago abin da yake nasa, ka san asusun yanzu, yana jikin kowace takardarmu kamar yadda yake ga kowane baƙo. Cinikin shago kuwa ka fita daga cikinsa ke nan, ko da mun shirya, ko da ka yi rantsuwa da abin da ya fi ƙarfinka; wannan ƙofar na rufe ta kuma ba zan buɗe ba. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ina so in ji daga bakinka me ya same ka, tun yaushe, kuma a wane dare ne ka iya kwanciya bayan ka ce uwarka ta mutu. Ina so ka kira Inna ta ji muryarka, ko ba ka faɗa mata komai ba.

Ka gaishe mini da matarka da kyau, ka ce na gode da man zafin da ta aiko wa Inna, yana aiki. Ka sumbaci takwarata a goshi ka ce uwar ɗakinta tana nan tana ɗinka mata 'yar jakar makaranta tun kafin ta iya tafiya. Inna tana gaishe ku tana sa albarka, Kawu da Gwaggo suna gaisuwa, Abban yara da Ummi ma haka. Dogo ya ce in gaishe ka in gode maka, don shi har yanzu ya ɗauka kai ka karɓo mana kuɗin da aka dawo da shi aiki.

A cikin ambulan ɗin nan za ka ga 'yar jakar kuɗi, walat ɗin nan da ka roƙa tun bara, baƙar fata mai aljihu huɗu. Baba Tsoho ne ya ɗinka ta da hannunsa a makon nan, bayan ya san komai, ban kuma sa shi ba. Ka juya aljihun ciki za ka ga 'yar fatar. Baba ya ce an yi ta ne don wanda aka yi wa ba daidai ba ya san inda zai kira, amma ban ji ya ce an hana wanda ya yi ba daidai ba amfani da ita ba. Lambar ba ta canza ba, wayar tana kan kanta, kuma ni nake ɗauka.

Wassalam,
Yayarka da ta goya ka.